Sydney Greenstreet da Peter Lorre: wa ya fi?

Wani ɗan uwa a nan zaure ya tambaya: ƙaton nan, Greenstreet, da ɗan ƙaramin mai manyan idanu, Lorre, da ake yawan haɗawa a tsofaffin finafinan Amurka, wanne ya fi iya wasa?

Fim tara suka yi tare, amma hanyarsu ba ɗaya ba ce. Greenstreet haifaffen Ingila ne, a 1879. Ya je noman shayi a Silon, wato Siri Lanka ta yau, fari ya koro shi gida, sai ya hau dandamali a 1902. Kusan shekara 40 yana wasan daɓe kafin ya tsaya gaban kyamara a The Maltese Falcon na 1941, yana da shekara 61. Da zuwansa aka sa shi takarar Oscar, babbar lambar yabon finafinan Amurka. Ku lura da yadda darakta John Huston yake ɗaukarsa daga ƙasa, tumbin ya cika allo, ga dariyar nan tasa mai sanyi alhali mugunta yake ƙullawa. Sai dai kusan kullum mutum guda yake fitowa, attajiri mai ladabi da baƙar zuciya. Ciwon suga da na ƙoda suka sa shi gaba, ya bar fim a 1949, ya rasu a 1954.

Shi kuwa Lorre, an haife shi a 1904 a daular Ostiriya da Hangari, ya goge a dandamalin Biyana da Balin. Fim ɗin M na 1931 ya fito da shi a matsayin mai kashe yara. A ƙarshen fim ɗin, inda ɓarayin gari suka gurfanar da shi yana kuka yana cewa ba ya iya hana kansa, sai ka ji tausayin wanda ya kamata ka tsana. Greenstreet bai taɓa yin irin wannan ba. Da yake Lorre Bayahude ne, ya bar Jamus a 1933 da 'yan Nazi suka hau mulki, kuma a fim ɗin darakta Alfred Hitchcock na 1934 haddace yawancin maganganunsa ya yi, don Turancinsa bai nuna ba tukuna.

Abin da ya cuce shi biyu ne: kamfanoni sun ɗaure shi a rawar mugu baƙo, sannan allurar mofin mai kashe zafin ciwo da aka fara yi masa saboda ciwon matsarmama ta zame masa jaraba. Ya rasu a 1964.

A ganina Lorre ya fi faɗin baiwa, Greenstreet ya fi cika ido. Malam, fara da Casablanca na 1942, duk suna ciki, sannan ka nemi M.