Kafin ka biya kuɗin ƙara wa tsohuwar Golf 1.8T ƙarfi, fara sayen wayar awo

Duk mai Golf 4 ko Passat B5 ko Audi A4 mai injin 1.8T ya san ranar da kwaɗayin yake shiga. Kana kan miƙaƙƙen titi, ka taka totur, turbo ya yi ɗan fito, mota ta zabura, sai zuciya ta ce maka ai da an ɗan taɓa ta da ta fi haka. Kuma ba ƙarya zuciyar ta yi ba, injin yana karɓar ƙari. Tawa Golf 4 ce 'yar Kwatano, ƙirar 2002, kuma na zuba mata kuɗi ta hanyoyi da yawa. Wasu sun biya, ɗaya ta ci min inji sukutum.

Da farko ka san wane inji ne a gabanka, don 1.8T ba iri ɗaya ba ne. Duk cc 1781 ne, bawul 20, biyar a kowace silinda, amma haruffan da ke jikinsa su ne magana. Za ka gan su a takardar da aka liƙa a murfin taimin bel, da kuma wadda ke cikin but kusa da safaya taya. AGU shi ne na farkon Golf 4: doki 150 (da doki ake auna ƙarfin inji), totur na waya, ƙaramin turbo K03. AUM ma doki 150 ne, sai dai totur ɗinsa na lantarki ne, turbonsa K03s, ƙwaƙwalwarsa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, Bosch ME7.5. AUQ doki 180 ne daga kamfani, kuma kayan jikinsa kusan ɗaya ne da na AUM, bambancin yana cikin lissafin ƙwaƙwalwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda ƙarfin yake ɓoye. Idan takardar but da ta jikin inji sun saɓa, an taɓa sauya inji kafin motar ta iso hannunka, to ka bi abin da ke jikin injin.

Wancan 150 ɗin kuma lissafin ranar da motar ta fito ne, a zagayen inji 5700 cikin minti ɗaya. Bayan shekara ashirin da ɗoriya, da ƙurar hunturu da man bumburutu, wasu dawakan sun daɗe da barin turke. Shi ya sa awo yake zuwa kafin ƙari.

Hanyar awo da kowa ya fi ji ita ce daino, wato na'urar da ake ɗora tayoyin mota a kan gangunan ƙarfe a taka ta har ƙarshe. Tana da kyau idan ka same ta, amma ba kowane gari ake samu ba, kuma ƙarfin da ya isa taya take aunawa, wanda yake ƙasa da na inji da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a mota mai jan gaba. Ragowar lissafi ne, ga kuma gyaran zafi da matsin iska da ake sakawa a ciki. Mai na'ura da yake son ya faranta maka zai iya taɓa waɗannan lambobin takarda ta fito da doki 20 da babu su. Idan za ka hau, ka hau na'ura ɗaya kafin aiki da bayan aiki, ka dubi bambancin kawai.

Akwai ƙananan na'urorin GPS irin su Dragy da ke auna daƙiƙun da mota ta ɗauka daga 0 zuwa kilomita 100. Ba sa ƙarya, kuma kana da abin kwatance tunda Golf mai doki 150 tana yin daƙiƙa 8.5 a takardar kamfani. Amma za su gaya maka motar ta yi sanyi, ba za su gaya maka dalili ba. Manhajar wayar salula da ɗan filogin ELM327 da ke haɗa ta da mota kuwa, don karanta lambar matsala ya isa, dokin da take nunawa kintace ne. Agogon matsin iska da ake maƙalawa a dashbod ado ne mai ɗan amfani.

Abin da nake so, kuma ba zan ɓoye ba, shi ne wayar VCDS ta kamfanin Ross-Tech, wadda tsofaffin makanikai suka fi sani da VAG-COM. Kana jona ta da ramin OBD na motar, wato soket ɗin da ake jona na'urar duba matsala, ɗaya bakin a laftof, sai ƙwaƙwalwar motar ta riƙa faɗa maka abin da take gani da kanta. Ka sami hanya miƙaƙƙiya da babu mutane ko dabbobi, wani ya zauna a gefe ya riƙe laftof, kai idonka a titi. Ka sa giya ta uku, daga zagaye 2000 ka danne totur har ƙasa zuwa wajen 6500, ka ɗaga ƙafa. Ka yi haka sau uku.

Manhajar VCDS tana jera bayanan rukuni-rukuni, kuma rukuni na 003 zai nuna giram nawa na iska ke shiga inji a daƙiƙa ɗaya. Ka ɗauki lamba mafi girma ka raba da 0.8, abin da ya fito shi ne kusan dokin injinka. Lafiyayyen 150 yana jan wajen giram 120, mai 180 kuma wajen 144. Ranar da na fara gwada tawa 101 na gani, wato doki 126 ke nan, alhali ina yawo ina cika baki a majalisa. Rukuni na 115 yana jera matsin iskar da ƙwaƙwalwa ta nema da wanda turbo ya kawo, kafaɗa da kafaɗa. Lambar ta haɗa da matsin iskar duniya, saboda haka ka cire wajen 1000, abin da ya rage a mota mai 150 da ba a taɓa ba bai wuce 500 da 'yan kai ba. Masu AGU su yi haƙuri, ba su da sensar da ke auna wannan. Rukuni na 032 yana nuna yadda ƙwaƙwalwa take ƙara mai ko rage shi don ta rufe wata ɓaraka, kuma da shi ake gane ko sensar iska ce ta gaji ko tiyo ne ya fashe. Sai 020, wanda na fi kallo fiye da duka: digiri nawa ƙwaƙwalwa ta ja lokacin wuta baya a kowace silinda saboda ta ji inji yana ƙwanƙwasa. Sifili zuwa uku lafiya. Ya kai shida ko ya haura, akwai magana. Babu daino ko GPS da zai nuna maka wannan, kuma shi ne bambanci tsakanin mota mai gudu da motar da ake ja da igiya.

Ni na san igiyar. Kafin in mallaki wayar nan, wani matashi mai laftof ya ce zai yi min rimaf, wato ya sauya lissafin ƙwaƙwalwar. Na tambaye shi fayil ɗin na wane irin mai ne, ya ce, "Haba Oga, daga Jamus fa yake, ba a tambayar wannan." Cikin minti ashirin ya gama, bai hau motar ba, bai duba komai ba. Ranar farko har na kira shi na yi godiya, don motar tana manna ka da kujera. Sati biyu bayan nan, cikin zafin Afrilu da rana tsaka a hanyar Zariya, na fito zan wuce tirela sai na ji wani ƙas-ƙas kamar an watsa tsakuwa a faranti, sannan inji ya fara rawa, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya cika madubi. Da muka sauke tof silinda, gefen fistan na uku ya ɓalle, ringi ya kakkarye, filoginsa kamar ɓera ya gwaguye shi. Tsohon makanikena ya juya fistan ɗin a hannu ya ce, "Alhaji, wannan ba tsufa ba ne, wuta ce ta riga lokacinta." Fayil ɗin an rubuta shi ne don mai mai lamba 98 da sanyin Turai. Namu na gidan mai wajen 91 yake idan an yi sa'a, ga zafin da ke haura 40. Kamfani da kansa 95 ya ce a ba injin nan, da 91 ma haƙuri yake yi. Ƙarshe inji ɗan Beljiyam na saya.

To yanzu ƙarin kansa. Mafi arha kuma mafi riba shi ne dawo da dawakan da suka ɓata. A toshe bakin tiyon turbo a hura iska kaɗan a fesa ruwan sabulu, kumfa zai nuna duk inda ke yoyo. A duba bawul ɗin da ke mayar da iska idan ka ɗaga ƙafa, robar cikinsa tana yagewa, kuma wanda lambarsa ta ƙare da 710N shi aka fi sawa a madadinsa. A duba N75, ɗan bawul ɗin da ke sarrafa matsin turbo, da kwayil huɗu da filogi. A leƙa indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, idan ya narke ya toshe to inji numfashi yake da hanci ɗaya. Da wannan aikin kawai iskar da tawa take ja ta tashi daga giram 101 zuwa 119. Taimin bel da famfon ruwa kuwa ba a jinkirta su, don idan bel ya tsinke a injin nan fistan da bawul gaisawa suke yi. Masu Passat da A4 su sa a buɗe kaskon baƙin mai a wanke rariyar famfo, dattin mai yana toshe ta, turbo kuma shi yake fara mutuwa da ƙishirwa.

Bayan nan sai rimaf, kuma har yau shi ne abin da ya fi komai ba da doki a kan kowace naira. AUM da AUQ suna kaiwa wajen 190 zuwa 200 da turbonsu na asali idan mai yana da kyau, AGU ƙasa da haka kaɗan, kuma nasa sau da yawa sai an buɗe ƙwaƙwalwar. Ni a mai namu ban nemi 200 ba. Rimaf na biyu da aka yi min mai sauƙi ne, iska tana tsayawa wajen giram 146, 020 ba ya wuce uku ko da tsakar rana, kuma shekara uku ke nan ban ji tsakuwa ba. Na koma filogin NGK BKR7E mai ɗan sanyi, bakinsa a milimita 0.7. Idan kuɗi ya ragu a sa babbar intakula, wato mai sanyaya iskar turbo, a gaba, don ƙaramar da ke ɓoye a gefen bamba tana cika da zafi bayan taka biyu ko uku, kuma a ƙasarmu wannan ya fi salansa mai ƙara amfani nesa ba kusa ba.

Sauran kuwa a taƙaice: matatar iska mai kan mazurari iska mai zafi da ƙura take zuƙa. Bawul mai "fissh" da ke zubar da iska waje yana rikita lissafin mai, tunda sensa ta riga ta ƙirga iskar. Ɗan famfon hannu na ƙara matsi yana cire ƙwaƙwalwa daga aikinta. K04 da manyan turbo kuwa wani babi ne na nozul da kuloci da kwanrod, kuɗinsa ya kusa na wata motar.

Inda zan ja kunne sosai shi ne jabu. Akwai 'yan akwatunan roba masu launin ja ko rawaya ko kore da ake cusawa a ramin OBD, wai suna ƙara ƙarfi kashi 35 cikin ɗari kuma su rage shan mai. A 2017 masu binciken kamfanin Quarkslab na Faransa sun fasa ɗaya mai suna Nitro OBD2, suka tarar ba ya magana da ƙwaƙwalwar mota ko kaɗan, fitilu kawai yake ƙyaftawa. Akwai masu sayar da ɗan rezista da ake sawa a sensar zafin iska don ya yi wa ƙwaƙwalwa ƙaryar sanyi, wato kana cire mata kariya daidai lokacin da ta fi buƙata. Sensar iska ta jabu tana zuwa a kwali mai tambarin Bosch tsaf, rabin farashi, amma karatunta karkatacce ne. Na taɓa sayen ɗaya, ta nuna min giram 138 a motar da ba ta iya wuce Keke Napep da daɗin rai. Ka dubi rubutun jikin robar: na asali a tsaftace yake, na jabu gefensa duk zare-zare. Kwayil ma haka, har 710N ɗin akwai na ƙarya da robarsa ke narkewa cikin wata ɗaya. Ita kanta wayar VCDS kwafinta ya cika kasuwannin intanet, wasu suna karanta tsofaffin motoci, wasu suna mutuwa da zarar manhajar ta sabunta kanta.

Shi ma mai rimaf a tantance shi kafin a miƙa mukulli. Ya fara karanta fayil ɗinka na asali ya ba ka kwafi a filash. Ya jona caja a batir yayin rubutu, don wuta ta faɗi a tsakiya ƙwaƙwalwa ta mutu murus. Ya tambaye ka inda kake shan mai. Kada ka yarda ya goge lambobin matsala ko ya kashe sensa don fitilar dashbod ta yi shiru. Sannan ya shiga motar da kai, da rana ba da asuba ba, ku taka giya ta uku ku kalli 020 tare. Wanda ya yi min na biyu sai da muka fita sau huɗu, ya rage lokacin wuta sau biyu, kafin ya karɓi cikon kuɗinsa.