Fensir ko waya ga mai komawa zane a Kaduna

Wanda ya daɗe da ajiye zane, hannunsa kan yi nauyi. A waya, manhajar zane irin ibisPaint tana goge kuskure nan take, launi ba ya ƙarewa, amma sai da caji, gilashin kuma santsi gare shi.

Ni dai takarda zan zaɓa masa. Fensir mai taushi samfurin 2B da littafin zane daga Kasuwar Sheikh Gumi sun isa. Ya zauna bakin Kogin Kaduna ta wajen wurin shaƙatawa na Gamji, ko ya fuskanci ƙubbar ginin majalisa na Lugard Hall, ya yi ta zana har hannu ya saki. Layin da ya karkace yana nan, gobe zai gani ya gyara. Sai dai da damina takarda kan sha danshi, a adana ta cikin leda.