Jirgin Yamai zuwa Tawa: zuwa ya yi daɗi, dawowa ce ta ɓata lissafi

Tsakanin filin jirgin Diori Hamani na Yamai da na Tawa, a miƙe ta sama, kusan kilomita 370 ne. Ta gudron kuwa sai an ci wajen kilomita 550, don hanyar ba ta nufi Tawa kai tsaye ba. Tana bi ta Dosso da Dogon Dutse, ta raɓi iyakar Najeriya har Birnin Kwanni, sai a Tsarnawa take karyawa arewa ta Badagishiri. Wannan kewayen shi ke ƙara kusan kilomita 180. A kar, wato babbar motar fasinja, da tsayawar salla da cin abinci da shingayen jami'an tsaro, awa takwas zuwa tara ne in mota ba ta ba da matsala ba.

Saboda haka na sayi biye na zuwa da dawowa wurin wani kamfanin jiragen cikin gida, kuma a zuwa ban ga abin kushewa ba. Ƙaramin jirgi ne mai farfela, yana da ƙara, amma kamar awa ɗaya aka yi a sama. Ko an haɗa da zuwa fili da wuri, auna kaya da bincike, ba a kai rabin lokacin mota ba, ga shi mutum ya sauka da ƙarfinsa ya shiga harkarsa a ranar.

A dawowa hazo ya sauka, kamar yadda yake yi tsakanin Disamba da Fabrairu. Ba na ganin laifin kowa a kan wannan. Matuƙi ba ya sauka sai ya hangi titin jirgi daga nisan da ƙa'ida ta yanke, in ƙura ta rufe dole a dakata, kuma rai ya fi komai. Abin da ya ƙona mini rai shi ne shirun da kamfanin ya yi. Sun karɓi lambar wayar kowa lokacin sayen biye, amma ko saƙo ɗaya babu. Fasinjoji na zaune tun safe, da tsofaffi da mata masu goyo, ana ta cewa "yana nan tafe", alhali jirgin bai ma tashi daga Yamai ba. Sai da rana ta take aka ce an soke.

Wanda ya san Tawa ya san abin da wannan ke nufi: manyan motocin Yamai da asuba suke tashi. Da an faɗa tun dare, da kowa ya kama mota ya isa kafin la'asar. Maimakon haka kwana ya kama mutane, da kuɗin masauki daga aljihunsu. Maganar mayar da kuɗin biye kuma aka ce sai a ofishin Yamai, wato garin da mutum ya kasa zuwa.

Ga wanda ke da ganawa ko jirgin waje a Yamai, lokacin hazo kada ya dogara da wannan jirgi. Ya bar kwana ɗaya a tsakani, ya kira da dare ya tabbatar, ya kuma ajiye wuri a kar ɗin asuba. In sama ta washe zan sake shiga, amma biye na zuwa kaɗai zan saya.