Bindigar iska mai babban baki: abin da na gani bayan damina biyu a Garwa

Gonar masararmu tana kan hanyar Ngong, kudu da Garwa. Duk wanda ya yi noma a wajen ya san ɓarnar gyado da gwaggon biri da zarar masara ta yi goyo. Dare ɗaya sai su kwantar da wahalar wata uku. Harsashin bindigar albarushi ga tsada ga wuyar samu, shi ya sa da wani abokina ya nuna mini hotunan maharban Amurka suna kayar da aladen daji da bindigar iska, raina ya biya.

Ba irin ƙaramar nan da ake karyawa a harbi kurciya nake nufi ba. Wannan ana ce mata PCP: tana da tukunya a jikinta da ake ɗura wa iska har matsinta ya kai bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), wasu ma sai 300, kuma faɗin bakinta a ma'aunin inci .357 ne, ko .45, ko .50. AirForce Texan da ta fito a 2015 tana cikin waɗanda suka yi wa irinta suna, akwai kuma Benjamin Bulldog da Umarex Hammer. Tawa .45 ce, kuma ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ce. Kafin ta shigo hannuna sai da na bi takardu, domin dokar makamai ta Kamaru mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016 ba abin wasa ba ce, ga kuma izinin farauta daga ma'aikatar gandun daji. A Arewa, da halin tsaron da muke ciki, kada wanda ya ce maka “ai ta iska ce” ka ɗauka ka nufi shingen jandarma ba takarda.

Wajen harbi ba ni da abin cewa sai yabo. A tazarar mita 50 zuwa 60 tana sa darma inda na auna, kuma gyado harbi ɗaya yake faɗuwa in an same shi a inda ya dace. Masu zaton ba ta da ƙara su daina, tana da ƙara sosai, makwabcin gona yana jin ta. Harbi huɗu masu ƙarfi take ba ni a ɗuri ɗaya. Na biyar yakan sauka ƙasa da inda aka auna, kuma ban yarda a harbi dabba da shi ba, don raunata ta kawai za a yi ta tafi ta wahala.

Wahalar tana wajen iskar. Tayar mota bar 2 da ɗan wani abu take sha, injin mai faci kuwa da ƙyar ya wuce 10, saboda haka a cire shi daga lissafi. Da famfon hannu na fara. Ni da ɗan ƙanwata muke karɓa-karɓa, bugu ɗaruruwa, kuma dole a tsaya duk bayan 'yan mintoci famfon ya huce, in ba haka ba robobinsa su ƙone. A watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura 40, yaron ya dube ni gumi na zuba ya ce, “Kawu, don Allah duk wannan aikin na harbi huɗu ne?” Gaskiya ya faɗa. Matsalar ma tsohuwa ce: bindigar iska ta Girardoni da sojojin Ostiriya suka riƙe tun wajen 1780 bugu kusan 1,500 take so kafin tukunyarta ta cika, kuma wahalar kula da ita na cikin abin da ya sa suka ajiye ta.

Daga baya na sayi ƙaramin kwamfaresa mai kai bar 300, irin wanda ake sanyaya shi da bokitin ruwa, da tukunya ta daban mai lita 6.8 da nake tafiya da ita gona. Aiki ya yi sauƙi, amma sai an kawo wuta, kuma da rana tsaka ruwan bokitin da kansa ɗumi yake yi, don haka sai bayan asuba nake kunna shi. Abin da ban sani ba a daminar farko shi ne ruwa. Iskar watan Agusta a bakin Binuwai cike take da laima, kuma idan aka matse iska laimar nan ruwa take zama. In babu matata mai tsotse laima tsakanin injin da bindigar, ruwan cikin tukunya yake kwana. Da muka buɗe tawa bayan kaka, mun tarar da ɗigon tsatsa a jikin bawul. Allah ya sa bai ci bangon tukunyar ba. Tun daga nan ban sake ɗuri ba matata ba, kuma ina buɗe mazubar ruwan injin akai-akai yana cikin aiki.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon duk mai karatu ya riƙe. Wata rana an kwana biyu ba wuta, wani mai walda a unguwarmu, dattijo mai son taimako, ya ce, “Alhaji, kawo in cika maka da tulun oksijin, ai shi ma iska ne, kuma ƙarfinsa ya kai.” Na ce, “Baba, na gode, amma wannan kisa ne.” Tsantsar oksijin idan ya haɗu da ɗigon mai ko giris cikin matsi irin wannan, wuta yake kamawa nan take, tukunyar ta tarwatse a hannun mutum. Busasshiyar iska ko nitirojin kaɗai ake sa mata. Haka ma man keke, man inji, da man feshin kwance tsatsa, kada ɗayansu ya kusanci wajen da iska ke bi. Man silikon zalla ake shafa wa robobin, shi ma ɗan kaɗan.

Robobin nan su ne suka fi cin raina. Wasu 'yan zobban roba ne, wani bai kai ƙwayar wake ba, amma su ke tsare iskar gaba ɗaya. Hunturun farko da hazo ya sauko, na cika ta da yamma, da safe agogonta mai nuna matsin iska ya koma 120. Na kaɗa ruwan sabulu na bi gaɓoɓinta ina shafawa har kumfa ta tashi a bakin ɗuri. Ƙura ce ta shiga ta zauna a kan bawul ɗin wajen, zoben kuma ya bushe ya tsage. Na je wajen masu sayar da kayan babur na samo mai kama da shi, girmansu ɗaya a ido. Kwana uku ya yi, matsi ya tauna shi. Zoben da ke jure bar 200 ya fi na famfon ruwa da na babur tauri nesa ba kusa ba, kuma na gaskiyar sai da na jira mako bakwai kafin ya iso ta Duwala. Mako bakwai bindiga tana rataye saboda abin da kuɗinsa bai kai na shayi da burodi ba! Yanzu bakin ɗurin kullum a rufe yake da hularsa, tiyon yana cikin leda, kuma ba na ajiye ta babu iska sam, domin matsin ne ke danne zobban a mazauninsu.

Zafi ma yana da nasa. Iskar da ke kulle a tukunya, in zafinta ya tashi daga maki 25 zuwa 55, matsinta yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100. Na taɓa cika ta daidai 200 da asuba na bar ta a mota a rana. Da yamma gyado ya fito fili, na ja kunama, sai wani ɗan tari ta yi, darmar ta faɗi a gabansa. Ba lalacewa ta yi ba. Matsin ne ya yi yawa har gudumar ciki ta kasa buɗe bawul yadda ya kamata. Da rani yanzu a 185 nake tsayawa, kuma a inuwa take zama.

Sauran ƙanana ne. Darma tana manne wa cikin bututu, in na ga harbi ya fara watsuwa sai in zura tsumma in share. Kusoshin madubin aunawa suna kwancewa da girgiza, ana bin su da makulli. Wasu sun ba ni shawarar narka darmar tsohon batirin mota, na ƙi, don tana gauraye da wasu sinadarai masu guba kuma ba ta yi wa bututun daidai. Babbar tukunyar kuma tana da kwanan wata a jikinta: ana gwada ƙarfinta duk shekara biyar, kuma yawancin irinta shekara 15 ne wa'adinsu.

In aka tambaye ni ko a saya, ga amsata. Mai gidan da ke da wuta ko janareta, mai haƙurin kwance abu ya ɗaura, wanda kuma zai iya sayen kwamfaresa, matata da zobba ninki uku rana ɗaya da bindigar, zai ji daɗinta. Kuɗin waɗannan kayan ya kusa kamo na bindigar kanta, a lissafa da shi tun farko. Manomin da ke can cikin ƙauye wajen Poli ko Rai Buba, inda babu wuta kuma babu mai gyara, ban ba shi shawara ba ko kaɗan, domin ranar da masararsa ta fi bukatarta ita ce ranar da zai tarar da agogon a ƙasa. Ni dai ban sayar da tawa ba. Bana na sake ɗaukar yara biyu masu gadi da gwangwani da tocila kamar yadda muke yi a da, bindigar kuma tana bukka don gyadon da ya ƙi jin kora. Zobban hunturu mai zuwa tun watan Yuni na yi odarsu.