Faifan DD ko HD: Wanne Ya Dace da Tsohuwar Kwamfutarka?

Masu tara tsofaffin kwamfutoci a nan Sakkwato sun sha tambayata: faifan fulofi (tsohon faifan ajiye bayanai) DD za su nema ko HD? DD na nufin "double density", HD kuma "high density", wato yawan bayanan da faifan ke iya ɗauka. Dukansu inci 3.5 ne, a ido kamar tagwaye. Alamar HD ita ce ƙarin rami a kusurwa.

Wajen ɗaukar kaya HD ne gaba: 1.44MB, shi kuwa DD 720KB a kwamfutar IBM, 880KB a kwamfutar Amiga. HD ya fi sauƙin samuwa, domin shi ya mamaye kasuwa bayan 1987.

Amma dacewa ita ce babbar magana. Injin HD, wato na'urar da ake saka faifan a cikinta, yana karanta faifan DD, har ya yi rubutu a kansa. Injin DD kuwa, irin na kwamfutocin Amiga 500 da Atari ST, bai san tsarin HD ba sam. Wasu kan toshe ƙarin ramin da salatif don faifan HD ya zama kamar DD. Ban yarda da wannan dabara ba. Maganaɗisun HD yana buƙatar rubutu mai ƙarfi, tsohon injin kuma ba ya kaiwa, sai bayanan su ɓace bayan wani lokaci. Ga zafin garinmu da ƙurar hunturu, waɗanda da ma ba sa raga wa faifai.

Mai Amiga 500 ko Atari ST ya daure ya nemi DD na asali ko da tsada. Mai kwamfutar IBM da ke da injin 1.44MB, HD ya ishe shi.