Fararen ɗigo a jikin tarwadar tankin gilashi: zafi da gishiri, ko magani?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya. Tankinsa na lita 100 ne, akwai Corydoras da pleco (nau'o'in tarwada ne na ado) a ciki, kuma ya ga fararen ɗigo a jikinsu, suna goga jiki da duwatsu. Wasu sun ce masa ya ɗaga zafin ruwa ya zuba gishiri, wasu sun ce ya sayi magani. Wanne ya fi?

Malam, ka fara tabbatar da cutar. Ɗigon Ichthyophthirius multifiliis, wato ƙwayar cutar da ke kawo fararen ɗigo, kamar ƙwayar gishiri yake, girmansa bai wuce milimita 1 ba, kusan duk girmansu ɗaya, kuma a cikin fata suke. In ka ga ƙura ce mai launin zinariya, ko fari mai gashi-gashi da ya taso sama da fata har a kan ido, wata cuta ce daban, kuma zafi na iya ƙara dagula ta. A jikin tarwada ka duba fikafikai da wutsiya da fitila, sannan ka lura da numfashi, domin ƙwayar takan cika wurin numfashin kifi kafin ɗigo ya yi yawa a waje.

Abin da ke raba gardama tsakanin hanyoyin biyu shi ne yadda ƙwayar take rayuwa. Muddin tana cikin fata, magani ba ya kai mata. In ta ƙoshi sai ta faɗo cikin tsakuwa, ta rufe kanta da kwanso, ta rarrabu zuwa ɗaruruwan 'ya'ya. Su ne ke fitowa suna iyo suna neman kifi, kuma in ba su samu ba cikin kamar kwana biyu sai su mutu. A wannan ɗan tsakanin kaɗai gishiri ko magani ke kashe su. A ruwa mai digiri 25 zuwa 27 na Celsius wannan zagayen rayuwa kan ɗauki ƙasa da mako guda, a ruwan sanyi kuwa yana kai makonni. Shi ya sa ɓacewar ɗigo ba warkewa ba ce, kuma tankin gaba ɗaya ake yi wa magani.

Hanyar zafi: a ɗaga hita da digiri 1 duk bayan awa 12 har a kai 30, a riƙe shi a nan kwana 10 zuwa 14. Zafin yana hanzarta zagayen, yana kuma hana yawancin nau'o'in ƙwayar hayayyafa yadda ya kamata. Amfaninta shi ne ba ta taɓa ƙwayoyin filta masu cinye amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, ba ta rina komai. Illarta babba ce ga tarwada: ruwa mai zafi ba ya riƙe oksijin sosai, ga shi wurin numfashin kifin ya riga ya ji rauni. Dole a ƙara dutsen iska, wato dutsen da ke fitar da kumfar iska a cikin ruwa. Pleco na jure digiri 30, amma Corydoras da yawa, irin su panda da paleatus, ruwa mai ɗan sanyi suke so, kuma mako biyu a 30 na galabaitar da su. Akwai kuma nau'in ƙwayar da zafi ba ya dakatarwa.

Gishiri kuwa, kifi mai ɓawo na ɗaukar giram 2 zuwa 3 a kowace lita. Ga Corydoras kada ka wuce giram 1, wato giram 100 a tankinka, a narkar a bokiti, a zuba kashi uku cikin kwana ɗaya ko biyu. Gishiri ba ya bin tururi, saboda haka in ka canja lita 25, giram 25 kawai za ka mayar. Matsalar ita ce giram 1 sau da yawa bai isa ya gama da cutar shi kaɗai ba, kuma tsirran ruwa na wahala.

Hanyar magani: mafi yawan magungunan wannan cuta malakait girin ne (wani sinadarin rini), wani lokaci haɗe da sinadarin fomalin. Ya fi sauri, ya fi tabbas. Sai dai tarwada ba ta da ɓawo irin na sauran kifaye, ta fi jin dafinsa, don haka ka fara da rabin awon da ke jikin kwalba. Lissafa ainihin ruwan da ke ciki, domin tsakuwa da duwatsu sun ci wuri, tankin lita 100 yakan ɗauki ƙasa da haka. Cire gawayin filta tukuna, in ba haka ba zai shanye maganin. Rage haske, domin haske na lalata malakait girin. Kafin kowane sabon zubi, canja kashi 25 cikin 100 na ruwan, ka zuƙe dattin tsakuwa da tiyo, a nan kwansunan suke. Sa safar hannu, kuma ka sani yana rina gam ɗin tanki. Ba a ba kifin da za a ci wannan magani.

Maganin da ke da jan ƙarfe ka bar shi. Yana da haɗari ga tarwada, musamman a ruwa mai ƙarancin ma'adinai, yana kuma kashe dodon koɗi da jatan lande.

Kuskuren da ya fi kashe kifi shi ne haɗa duka: digiri 30, gishiri, da fomalin a lokaci guda. Fomalin na rage oksijin, zafi ma haka, sai a wayi gari kifi sun taru a saman ruwa suna haki.

Ga tanki irin naka, shawararmu ita ce magani da rabin awo, ruwa a digiri 27, dutsen iska na aiki dare da rana, babu gishiri. Ci gaba har kwana 4 bayan ɗigo na ƙarshe ya ɓace. In ka ga kifi na kifewa ko numfashi ya tsananta bayan zubi, canja rabin ruwa nan take. In ɗigo na ƙaruwa bayan kwana 5 kuma kifin na jurewa, ƙara awon kaɗan. Sabon kifi kuma ya yi mako 3 zuwa 4 a wani tanki, da ragarsa daban, kafin ya shiga cikin sauran.