Zaman keɓe da masaniyar halayya kan jarabar caca da tramadol: sharhina

Idan aka tambaye ni ko zaman keɓe da masanin halayyar ɗan Adam yana raba mutum da jaraba, sai in ce yana yi, amma a hankali, kuma ba shi kaɗai ba. Na yi watanni ina zuwa, mako-mako, kowane zama bai cika awa guda ba, saboda abu biyu da suka haɗe min: cacar ƙwallo ta waya da tramadol.

Wanda na fara gani ban daɗe a hannunsa ba. Mutumin kirki ne, sai dai nasiha kawai ya iya. Ya jero min illolin ƙwaya, ya ce in tuna iyalina, in tuna lafiyata. Duk gaskiya ne, kuma duk na sani tun kafin in zauna. Mai jaraba ya fi kowa sanin ɓarnar da yake yi wa kansa. Nakan fito daga wurinsa da nauyin kunya, kunyar nan kuwa ita ce ke fara kai hannuna kan waya. Idan jininku bai haɗu da wanda aka tura ka wurinsa ba, ka canza, ba laifi ba ne.

Ta biyun, wadda na zauna da ita har ƙarshe, salonta daban ne. Tambayarta ta farko ita ce: "Malam, mene ne daɗin da cacar nan take ba ka?" Ba a taɓa yi min irin wannan tambaya ba. Na ce tana mantar da ni komai na minti casa'in. Ta ce, "To, me kake son mantawa?" Daga baya ta gaya min salon yana da asali. William Miller, masanin halayya ɗan Amurka, shi ya fara rubuta shi a 1983 daga aikinsa da masu shan giya, sannan suka faɗaɗa shi tare da Stephen Rollnick. Idan ka matsa wa mutum ya daina, sai ya koma kare abin da yake yi. Idan ka bar shi ya furta dalilan dainawa da bakinsa, sun fi kama shi. Haka kuwa aka yi, ni ne na riƙa kawo mata hujjoji, ita tana cewa, "Ci gaba, ina ji."

Inda aikin yake da gaske shi ne wani ɗan littafi da ta sa na riƙe. Duk lokacin da sha'awar ta motsa, sai in rubuta ƙarfe nawa, ina nake, me ya faru kafin nan, me na gaya wa kaina, me na aikata. Wannan daga tsarin gyaran tunani da ɗabi'a ne, wanda Aaron Beck ya kafa a shekarun 1960. Aiki ne mai gundura, har nakan ji kamar an raina min wayo. Amma da muka baje shafukan, sai ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Ina zaton ranakun manyan wasanni ne ke kayar da ni, ashe dare ne, bayan wani saƙon mai bin bashi ko 'yar hayaniya a gida. Ƙwayar ta hana ni barci, rashin barcin ya bar ni da waya a hannu, asarar ta sa in ƙara ƙwaya. Abu biyun da nake ɗauka kowanne hanyarsa daban, ashe juna suke ciyarwa.

Zaman da ya fi tsaya min a rai shi ne ranar da na kai mata wani tikitin caca na wasa goma, irin wanda sai duk goman sun ci ake biya, ina cewa, "Malama, dubi, wasa ɗaya ne ya yanke min. Saura ƙiris." Ba ta musa ba. Ta ɗauki biro ta ce mu ƙaddara na ƙware har ina da kashi 70 cikin 100 na dacewa a kowane wasa. Ta yi lissafi a gabana: damar duk goman su ci ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba, amma damar tara su ci ɗaya ya yanke ta kai kusan kashi 12. Wato "saura ƙiris" ɗin da nake ɗauka alamar nasara ta kusa, ya ninka nasarar kanta sau huɗu wajen yawan faruwa, kuma aljihu bai san bambancinsa da asara ba. Tun daga ranar, duk sanda na ji "bari in fanshe" a raina, lissafin nan ke fara zuwa min.

Na yaba mata da ba ta ɗauki cacar ƙaramin abu ba don kawai ba a haɗiye ta. Tun 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, ya sa matsalar caca a babi ɗaya da shaye-shaye, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi haka a kundinta na ICD-11 da ya fara aiki a 2022. Ta koya min dabarar masanin halayya Alan Marlatt ta jiran sha'awa: takan taso kamar igiyar ruwa, ta kai ƙololuwa, ta sauka da kanta idan ba a biya mata ba. Sauran matakan babu wata kwana a cikinsu: goge manhajojin, neman kamfanonin su rufe min asusu, damƙa katin banki ga wanda na amince da shi, barin waya a wajen ɗakin kwana.

Kan tramadol kuwa ta fito fili ta ce magana kaɗai ba za ta yi ba, sai da likita. Shi ya riƙa rage min adadin sannu a hankali, don yankewa farat ɗaya na kawo gumi, ciwon jiki, gudawa, fargaba da rashin barci. Ta kuma gargaɗe ni cewa yawan tramadol na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma wanda ya daina ya dawo kan tsohon adadinsa yana cikin haɗari, don jiki ya riga ya rage juriya. Ga mai shan giya sosai ko ƙwayoyin barci irin su diazepam, dainawa kwatsam ba tare da likita ba na iya kisa.

Akwai lokacin da na koma ruwa. Na shiga ina jiran faɗa, ita kuwa littafin ta nema, muka bi daren daki-daki har muka gano inda ƙofar ta buɗe. Wannan ya sa ban ɓoye mata komai ba bayan nan.

Sai inda abin ya gaza. Awa guda ce cikin awa 168 na mako, kuma ƙarfe biyun dare ba ta nan. Ƙungiyoyin masu fama da matsala iri ɗaya, irin Gamblers Anonymous da aka kafa a 1957, sun fi toshe wannan giɓi, na so a ce ta tura ni tun da wuri. Bashi ma yana nan yadda na bar shi. Zaman ya taimaka min na iya kallonsa, bai biya ko kwabo ba. Mutanen gida kuma, waɗanda suka fi shan wahalata, ba su da kujera a ɗakin sai da na nemi a gayyato su. Kuɗin zaman yana taruwa, ga shi sakamakon ba ya nunawa a makonnin farko. Sannan da abin da ka kawo kawai ake aiki: mai son yin ƙarya zai iya yi har shekara, ba mai kama shi.

Wanda zai gwada, ya yi tambaya tun zaman farko: wane tsari kuke bi, kuna aiki tare da likita, me za ku yi ranar da na zame, kuma ina iyakar riƙe sirri? Ta ƙarshen nan tana da muhimmanci, don a ƙa'idar aikin za su iya buɗe magana idan ranka ko ran wani yana cikin haɗari, kuma gara ka ji haka daga bakinsu kafin ka fara zuba.